Malam, falsafar muhalli za ta ciyar da ni?

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 31, haifaffen wani gari ne ni a bakin fadamar Haɗejia. Na yi digirin farko a labarin ƙasa, na biyu a fannin kula da muhalli, yanzu shekara uku ke nan ina mataimakin lakcara a wata jami'ar jiha. Lokacin da nake binciken digiri na biyu a kan ƙarancin ruwa a garuruwanmu, sai na ga taswira da alƙaluma suna nuna mini yadda ruwan ya ragu, amma ba sa gaya mini wanda ya fi cancanta da ɗan abin da ya rage. Daga nan na faɗa karatun falsafar muhalli, har ta kai ina son in yi digirin digirgir a kanta, in zama malamin jami'a da ake jin maganarsa wajen tsara manufofin ci gaba mai ɗorewa. Shugaban sashenmu ya ce in na yi digiri a falsafa na fita daga layinsu, ba zai iya tsaya mini a ƙarin girma ba. Mahaifina malamin zaure ne. Da ya ji kalmar falsafa sai ya yi shiru, daga baya ya aiko ƙanena ya ce in ji tsoron Allah, in kula da imanina. Ana cikin haka wata ƙungiya mai zaman kanta ta ba ni aikin shekara biyu a Abuja, albashin ya ninka nawa wajen sau uku, kuma suna son amsa kafin ƙarshen watan gobe. Ina da mata da 'ya ɗaya. Malam, burin nan nawa shirme ne? In haƙura in kama aikin, ko in dage?

Ƙanenka, daga Jigawa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Burinka ba shirme ba ne, kuma gara in fara da dalili kafin mu zo kan lissafin albashi. Tambayar da ta tsaya maka a rai ta girme ka. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992, aka tare ruwan da a da yake malalowa kowace damina ya shimfiɗe a fadamun Haɗejia da Nguru. Manomin shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa ya samu noman rani, birnin Kano ya samu ruwan sha. Masunci da makiyayi da mai noman fadama da ke ƙasa kuwa suka ga ambaliyar da suka dogara da ita ta ja baya. Sakin ruwa daga madatsun rani da damina kuma ya ba ciyawar kachala damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe. Duk ka fi ni sanin wannan, a gabanka aka yi. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki sun zauna sun kimanta, suka ga ruwan ya fi kawo amfani in an bar shi ya isa fadama a kan in an tsare shi don noman rani a sama. To, a ce ma lissafin ya fito akasin haka. Ya halatta a talauta mutum dubu a Gashuwa don a wadata dubu biyu a Kura? Wa aka tambaya kafin a yi? Jikokin da ba a haifa ba suna da rabo a wannan ruwa? Injiniya ba shi da ma'aunin waɗannan, kuma ba laifinsa ba ne. Madatsar Kafin Zaki da aka shirya a kan kogin Jama'are an shafe shekaru da dama ana ja-in-ja a kanta, kuma in ka saurari masu gardamar da kyau, a kan adalci suke yi, ko da da harshen injiniyoyi suke magana.

Fannin da ka kamu da sonsa yaro ne a jami'o'in duniya. A 1967 wani masanin tarihi na Amurka, Lynn White, ya rubuta maƙalar da ta ɗora alhakin lalacewar muhalli a kan yadda Kiristancin Yamma ya koyar da fifikon mutum a kan sauran halitta, aka yi ta mayar masa da martani shekara da shekaru. Mujallar farko da ta keɓanta da ɗa'ar muhalli sai a 1979 ta fara fita. Duk da haka fannin ya kai inda ake yanke hukunci. A batun hayaƙin da ke ɗumama duniya, masanin falsafa Henry Shue a 1993 ya bambanta hayaƙin neman abinci da hayaƙin jin daɗi, wato matar da take hura itace ta dafa tuwo ba a ɗora ta a ma'auni ɗaya da mai hawa jirgi don shaƙatawa. Wannan tunani yana cikin abin da ƙasashe matalauta suka yi ta kafa hujja da shi har aka amince da kafa asusun asara da ɓarna a taron sauyin yanayi na Masar a 2022, ganin cewa Afirka gaba ɗaya hayaƙinta bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 na duniya ba. John Broome na Oxford, masanin falsafa, yana cikin waɗanda suka rubuta babin ɗa'a a rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2014. A Afirka akwai Godfrey Tangwa na Kamaru, da Workineh Kelbessa na Habasha wanda ya yi aiki a kan yadda Oromawa suke kallon ƙasa da itatuwa, da Segun Ogungbemi a nan gida. Daga ƙasar Hausa kuwa fili ne fetal, kuma wannan yana cikin abin da ya sa ban ce ka haƙura ba.

Sai dai shugaban sashenku gaskiya ya faɗa maka, kada ka ɗauke shi mai baƙin ciki. Na zauna a kwamitocin ɗaukar ma'aikata da na ƙarin girma, na san abin da ake fara dubawa: digirin farko, na biyu da na uku, layi ɗaya suke ko kuwa? Wanda ya yi labarin ƙasa sau biyu sannan ya kawo takardar falsafa, sashensa zai ce ba nasa ba ne. Sashen falsafa kuma, waɗanda a Arewa ana iya ƙirga su da yatsu, zai fi son wanda ya taso a cikinsa tun aji ɗaya, kuma mai yiwuwa ne kafin su ba ka gurbin digirgir su ce sai ka koma ka yi difloma ko wani digiri na biyun. Ka ga an ƙara maka shekara biyu ko uku, ga shi a ƙarshe kana iya tashi ba ga tsuntsu ba ga tarko. Ko a Ingila da Amurka masu digirin digirgir a falsafa sun fi guraben koyarwa yawa nesa ba kusa ba. Mutumin nan ya hango maka rami ne. Abin da bai yi ba shi ne nuna maka hanyar da za ka kewaye shi.

Ga hanyar da nake gani. Ka yi rajistar digirgir ɗinka a labarin ƙasa ko kula da muhalli, inda kake da gindin zama, amma tambayar binciken ta zama taka ta asali. Fannin labarin ƙasa na ɗan Adam ya daɗe da karɓar bincike a kan adalcin muhalli, da siyasar rabon albarkatu, da yadda ake tafiyar da ruwa. In ka kai wa shugaban sashenku take kamar “adalci a rabon ruwa tsakanin masu noman rani na sama da masu fadama na ƙasa a kogin Haɗejia”, ba shi da dalilin cewa ka fita layi, alhali falsafarka tana nan a ciki daram. Sannan ka nemi a ba ka mai duba aiki na biyu daga sashen falsafa ko na shari'a, ko da daga wata jami'ar ne. Dokokin makarantun gaba da digiri da yawa sun yarda da haka, illa dai ɗalibai ba sa tambaya. Kuma kana da magabata a wannan hanya. Elinor Ostrom kimiyyar siyasa ta karanta, ta bi masunta da manoma da makiyaya tana duba yadda suke raba abin da ba na mutum ɗaya ba, ta rushe da'awar Garrett Hardin ta 1968 cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kai ƙarshensa lalacewa ne, kuma a 2009 aka ba ta kyautar Nobel ta tattalin arziki. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya da Kano fiye da shekara ashirin, ya nuna cewa manoman kewayen Kano, duk da cunkosonsu, sun riƙe ƙarfin ƙasarsu da taki da dabara, a lokacin da ake ta rubuta cewa talaka ne yake jawo hamada. Babu ɗayansu da takardarsa ta ce falsafa, amma sun sauya yadda ake tunanin wa ke da laifi da wa ke da haƙƙi.

Akwai farashi, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wanda ya bi ta wannan hanya yana iya ƙarewa masanin labarin ƙasa mai yayyafa kalmomin falsafa a gabatarwa da kammalawa, tsakiyar kuwa tebur da taswira kamar na kowa. Na karanta irin waɗannan kundaye, suna da ban takaici. Falsafa horo ce. Sai ka koyi mantiƙi, wato ilimin tantance hujja, ka san manyan mazhabobin ɗa'a da ra'ayoyin adalci, ka iya gina hujja, ka kuma iya kawo wa kanka suka mafi ƙarfi kafin wani ya kawo maka. Ba wanda zai tilasta maka wannan a sashenku, kai za ka ɗora wa kanka. Saboda haka ka gwada kanka tun yanzu da abu ɗaya: cikin wata uku ka rubuta maƙala guda a kan tambaya guda, misali ko gwamnati tana bin masunta diyya in ta tare ruwa, ka aika wa wani malamin falsafa da bai san ka ba, ka roƙe shi kada ya tausaya maka. In ta dawo jajir da gyara ka ji kana ɗokin sake zama a kanta, to son na gaske ne. In kuwa ka ji ranka ya ɓaci ka jefa ta a durowa, ka gode wa Allah da ka gane da wuri cewa karanta falsafa kake so, ba yin ta ba. Wannan ma ba aibi ba ne.

In kuma gwajin ya nuna maka falsafa zalla zuciyarka take so, ba ruwanka da taswira, to ƙofar ba a rufe take ba. Ka koma ka yi digiri na biyu a falsafa, ka yarda za ka fara daga baya, kuma kafin ka ɗaga ƙafa ka samu wani sashen da ya nuna a rubuce yana buƙatarka. Ni dai ba ita zan zaɓa maka ba, da mata da 'ya a hannu.

Yanzu Baba. A nan nake so ka nutsu, domin a ganina wannan ce ta fi ci maka rai duk da a layi biyu ka faɗe ta. Tsoronsa yana da asali. Malamin zaure in ya ji falsafa, abin da yake zuwa masa shi ne mutanen da Imam Gazali ya yi wa raddi, har ya kafirta su a mas'aloli uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar alƙiyama. Mutumin da ya san wannan, ya ji ɗansa zai shafe shekara huɗu a cikinta, dole gabansa ya faɗi. Amma shi Gazalin bai yar da mantiƙi ba, da shi ma ya buɗe babban littafinsa na usulul fiƙhi. Kuma ka tuna wa Baba, cikin ladabi, cewa Shehu Abdurrahman mai Ahalari, littafin da ya fara koya muku tsarki da salla da shi, shi ne ya yi Sullam, waƙen mantiƙin da manyan ɗalibai suke karantawa a zaurukanmu.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne cewa rabin abin da kake nema yana cikin littattafan da ke jibge a zaurensa. Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Fiƙihun Malikiyya yana da babin raya matacciyar ƙasa, da hurumin rijiya da na gari, da hukuncin wa zai fara ban ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, da iyakar abin da na saman zai riƙe kafin ya saki. Ka ga tambayarka ke nan, an yi ta tun kafin a san siminti. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan mallakar ƙasa da raya ta. A Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Umar da ya keɓe makiyaya, ya umarci mai tsaronta ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya yi hattara da garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa in nasa sun halaka wurin Umar zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Ban san wata takardar manufofin kiwo da ta faɗi ƙa'idar fifita mai rauni a sarari kamar wannan ba. Duniya ma ta fara waiwayar wannan gado: malaman Musulunci sun fitar da sanarwa a kan sauyin yanayi a Istanbul a 2015, sannan a 2024 aka ƙaddamar da wata takarda a kan Musulunci da muhalli mai suna Al-Mizan a Nairobi.

Don haka ka je da ƙafarka. Saƙon da ya zo ta bakin ƙanenka, kada amsarsa ta koma ta bakinsa. Ka zauna inda ɗalibai suke zama, ka ce kana son ya karantar da kai babin ruwa da na hurumi, domin bincikenka a kansu yake. Uba malami da ɗansa mai digiri biyu ya zo ɗaukar karatu, ka san yadda zuciyarsa za ta yi. Amma kada ka yaudare shi. Ka gaya masa za ka karanta waɗanda ba Musulmi ba, har da waɗanda ba su yarda da Allah ba, da waɗanda suke ganin addini ne ya ɓata duniya, kuma kana son ya zama wanda za ka riƙa kawo wa abin da ya shige maka duhu. In ka ɓoye ka ce ai fiƙihu kawai za ka yi, ranar da ya gane za ka rasa yardarsa, kuma wannan ta fi digirin tsada. Mai yiwuwa ba zai sa albarka a zama ɗaya ba. Ka ba shi lokaci, ka ci gaba da zuwa.

Na lura da wani abu a wasiƙarka. Shugaban sashe ya samu jimla guda mai tsawo, Baba ya samu biyu, maiɗakinka kuwa kalma ɗaya ta samu, a haɗe da 'yarku, kamar kana cike fom. Alhali duk hanyar da ka bi ita za ta ɗauki nauyinta. In ka zauna a jami'a ita za ta ja cefanen wata ya kai ƙarshe, ita za ta yi haƙuri da mijin da yake gida amma kansa yana cikin littafi. In ka tafi Abuja, ko ta bar danginta ta bi ka, ko ta zauna ita kaɗai da yarinya. Ka ɗauko takarda ku zauna tare, ka rubuta albashin nan biyu da abin da kowanne zai ci, ka tambaye ta abin da take so wa kanta a shekara biyar masu zuwa, ko karatu ne ko sana'a, sannan ka yi shiru ka saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tana iya gaya maka abin da zai rushe duk shawarata, kuma in hakan ta faru, maganarta ce a gaba.

Aikin Abuja kuwa, kada ka raina shi, kada kuma ninki ukun nan ya rufe maka ido. Ka cire kuɗin haya, wanda a can shekara guda ake biya a dunƙule, ka cire mota da makarantar yarinya da zirga-zirgar gida, ka ga abin da ya saura. Ka kuma tuna kwantiragi ne, kuma kuɗin masu ba da tallafi ba shi da tabbas. A farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, ayyuka da yawa a ƙasar nan sun tsaya cak, mutane masu takardar shekara biyu a hannu suka wayi gari a gida. Jami'a ma ba aljanna ba ce, kai shaida ne: yajin aikin 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, malamai da yawa ba albashi. Bambancin shi ne kujerar jami'a tana da wuyar samu, kuma wanda ya sauka da wuya ya sake hawa. In malamin jami'a kake son zama, sakin ta saki reshe kama ganye ne.

Kafin ka ce e ko a'a, akwai tambayoyi biyu da ba ka yi ba. Ka je ofishin rajistara ka karɓi kundin sharuɗɗan aiki ka karanta da idonka, ka ga ko wanda aka tabbatar wa aiki yana iya ɗaukar hutu ba albashi na shekara ɗaya ko biyu. Jami'o'i da dama suna bayarwa. Sannan ka tambayi ƙungiyar ko za su ɗauke ka mai ba da shawara na ɗan lokaci, kana zaune a inda kake. Abin da suke so a wurinka shi ne sanin yankin da harshen mutanensa, kuma wannan a Jigawa yake, ba a Abuja ba. In ɗayan biyun nan ya yiwu, ka samu kuɗi, ka ga yadda ake dafa manufofi daga ciki, kujerarka tana nan. In duka sun ƙi, ni zan ce ka zauna, sai fa in akwai bashi a wuyanka ko gidan ya kai inda ba a ɗora tukunya sau biyu. In haka ne ka tafi ba tare da jin kunya ba, ka ajiye aiki ta hanyar da ta dace don kada ka rufe ƙofa, ka ci gaba da karatu da dare. Ciyar da iyali ba cin amanar ilimi ba ne.

Batun kuɗin karatu yana da sauƙi fiye da yadda kake zato, tunda kai ma'aikacin jami'ar gwamnati ne. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, tana ɗaukar nauyin malamai su yi digirgir a cikin gida, ta hannun jami'arsu, duk da a ƙarshen 2024 ta sanar da dakatar da ɓangaren karatu a waje. Wanda ya fi dacewa da kai shi ne tallafin Commonwealth mai raba zama, wanda ɗalibin da ya yi rajista a gida yake zuwa Ingila ya yi har wata goma sha biyu a ƙarƙashin wani malami a can. Ka yi tunani: rajista a labarin ƙasa a nan, shekara guda a sashen falsafa a can. Akwai DAAD, hukumar ba da tallafin karatu ta Jamus, akwai WASCAL, shirin nazarin sauyin yanayi na Afirka ta Yamma mai cibiyoyi a Minna da Akure da Yamai, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero da ya kamata ka riƙa leƙa tarukanta. Gargaɗi ɗaya: mujallun nan da suke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin sati biyu, ka guje su. Maƙala biyu a mujalla mai tacewa sun fi goma a can, musamman ranar da wani a waje zai duba sunanka.

Saura burinka na a ji maganarka a wajen tsara manufofi. Ba za ka taɓa ganin tallar aiki ana neman masanin falsafa a ma'aikatar muhalli ba. Amma wuraren suna nan: Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 da majalisar da ta kafa, alƙawarin da Najeriya ta yi a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa ba, hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015 mai aiki a jihohi 11 har da taku, da ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya a jihohin Arewa 19 da Abuja. Duk suna cin karo da tambayar ƙasar wa za a shuka, wa za a hana kiwo, wa za a biya. Ana shiga ne ta kwamiti, ta taron jin ra'ayi, ta takarda mai shafi biyu da kwamishina zai iya karantawa a mota, ta shirin rediyo da Hausa. Ka koyi rubuta shafi biyun nan kamar yadda kake koyon rubuta babi. In kana son ganin yadda tunani yake zama itace, ka tsallaka Maraɗi. A can dokar gandun daji da aka gada daga Faransa ta mai da itatuwa na hukuma, manomi yana iya shan tara a kan bishiyar da ke gonarsa, don haka ba shi da dalilin barin ta ta girma. Daga wajen 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara kula da tohon kututture maimakon sare shi, abin da ake kira sassaben zamani. Da manomi ya tabbata gawon da ya rena nasa ne, daga baya doka ma ta bi, sai abin ya bazu har aka kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. An sha kashe kuɗi a dashe a yankin nan ba a samu kwatankwacin haka ba. Amsar “bishiyar wa ce” ita ta yi aikin.

A cikin jami'arku ma akwai ƙaramar ƙofa. Sabon tsarin manhaja na hukumar jami'o'i ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ka rubuta kwas ɗin ɗa'ar muhalli na zango ɗaya ka kai wa shugaban sashenku, ka sa sunansa a gaba in ya so. Ka kuma nemi a sa ka cikin masu koyar da kwas ɗin falsafa da mantiƙi na gama-gari, wanda galibi ana neman hannu a kansa. Koyar da abu ga ɗalibi ɗari biyar da ba su damu da shi ba yana gyara fahimtar malami fiye da kowane littafi.

In ka je gida wurin Baba, ka tafi da waya mai caji da littafin rubutu. Waɗanda suka yi wayo kafin a gama madatsar Tiga yanzu sun haura sittin, da yawa sun wuce saba'in. Ka tambaye shi, ka tambayi sa'o'insa, yadda ake raba ruwa da fadama a garinku a wancan lokaci: wa yake cewa yau a shiga su, yaushe ake buɗe wa shanu gona bayan girbi, ina burtali ya bi, me ake yi wa wanda ya karya doka, wa ake kai wa ƙara in Sarkin Ruwa da Ardo sun saɓa. Ka nemi izininsu kafin ka naɗi murya, ka rubuta ranar da sunan garin. Ka fara da wanda ya fi tsufa.